Sankarar mama: ba girman ƙullutu kaɗai ake dubawa ba

Har yanzu ina jin mata suna cewa ai ɗan ƙullutun nan bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma baya ciwo, bari a ga abin da hali zai yi. Wallahi wannan maganar tana damuna. Eh likita yana auna girma, amma wani ƙaramin ya fi babba saurin yaɗuwa, kuma da hannu ba za ki taɓa gane hakan ba.

Sai an ɗan tsakuro naman an kai dakin gwaji. A can ne ake duba wani sinadari da ake kira Ki-67, wanda aka gano a jami'ar Kiel ta Jamus a 1983, shi yana fitowa ne a ƙwayoyin da suke cikin rarrabuwa, waɗanda suke hutawa basa nuna shi. To idan sakamako ya ce ƙwayoyin da suke nuna shi 5 ne cikin 100 ko ƙasa da haka ciwon yana tafiya a hankali, idan kuwa ya kai 30 ko sama to gudu yake kuma sau da yawa ana buƙatar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara.

Shima ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, ana duba ko ciwon ya kai kaluluwar hammata, da ER da PR (alamun da ke nuna ko sinadaran jikin mace ne ke sa ciwon girma) da HER2 (wani sinadari da ke sa ƙwayoyin ciwon saurin girma). Mai ER tana iya amfana da maganin tamoxifen, mai HER2 kuma akwai maganin trastuzumab.

Don Allah Yaya, Anti, in kin ji ƙullutu komai ƙanƙantarsa ki je asibiti, in an yi gwajin nama ki nemi likita ya miki bayanin takardar layi-layi.