Maruru ba dattin jini ba ne

Da mutum ya fara fama da maruru, wannan ya fashe wancan ya fito, sai a ce masa jininsa ne ya yi datti, ya nemi maganin wankin jini. Ba haka abin yake ba. Maruru daga fata yake farawa. Wata ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus ce ke shiga ramin gashi ko wani ɗan ƙwarzane, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Kusan mutum 1 cikin 3 na ɗauke da ita a hanci ba tare da ta dame shi ba.

To me ke sa ya riƙa dawowa? Ƙwayar tana nan a hanci, hammata da matsematsi, tana kuma yawo a gida ta tawul, soson wanka da reza. Ciwon suga ma na buɗe mata ƙofa, don haka mai yawan maruru ya je a auna masa suga.

Idan ƙwayar ta shiga jini da gaske, abin ya wuce jiƙo: zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, numfashi sama-sama, wani ma ya rikice. Asibiti za a nufa nan take.

Matsewa, wadda ake ɗauka fitar da datti ce, tana iya tura ƙwayar can ciki, musamman a kusa da hanci da leɓen sama. A riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, in ya ƙi fashewa ma'aikacin lafiya ya tsaga.