Jirgi ya shiga hadari yana jijjiga: tambayoyin da aka yi ta yi min bayan tafiyata Legas

Daminar bara na taso daga Legas zuwa Kano da jirgin yamma, mun yi kamar minti 40 a sama sai kyaftin ya ce kowa ya zauna ya ɗaura bel. Ba a jima ba jirgi ya fara rawa, shayin da ke gabana ya yi tsalle ya zube min a riga, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta damƙe hannuna tana cewa "ɗan nan, faɗuwa za mu yi?" na ce a'a Hajiya, ki dai ƙara ja bel ɗinki. Ko ina salati ne ke tashi. Tunda na ba da labarin nan 'yan uwa suke ta jero min tambayoyi, to ga abin da na sani.

Wai me ke sa jirgi jijjigar nan, ramuka ne a sama?

Babu rami a sama, iska ce kawai. Jirgi a kan iska yake tafiya kamar yadda kwalekwale yake a kan ruwa, in iskar tana kwance lafiya ba ka jin komai, in kuma wata tana hawa wata tana sauka sai ka ji kamar mota ta shiga gargada. A cikin hadarin nan mai tsawa, wanda yake tasowa kamar tsauni, iska mai ɗumi tana hawa da ƙarfin gaske, wata mai sanyi tana gangarowa da ruwa da ƙanƙara. Akwai kuma wata jijjigar da ke zuwa gari garau ba ko gajimare, ita ce ta fi shammatar mutane saboda na'ura ba ta hango ta.

Jijjigar za ta iya karya fiffike ko ta kayar da jirgin?

Wannan ce tambayar da ta fi damun kowa. In ka leƙa taga ka ga fiffike yana lanƙwasa kada gabanka ya faɗi, da gangan aka ƙera shi haka, kuma kafin a yarda jirgi ya ɗauki fasinja sai an gwada fiffiken da nauyin da ya kai ɗaya da rabi na mafi tsananin abin da ake sa ran zai gamu da shi. Abin da jijjiga ta saba yi shi ne ta ji wa mutanen ciki ciwo. Ranar 21 ga Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da ita a saman ƙasar Myanmar ana cikin raba karin kumallo, ya yi ƙasa da kusan ƙafa 178 cikin ƙasa da daƙiƙa 5, waɗanda ba su ɗaura bel ba suka tashi sama kawunansu suka bugi rufin jirgi. Wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, da dama sun ji munanan raunuka, amma shi jirgin ya je ya sauka a Bankok. Tun daga nan ni ko an kashe fitilar bel ba na kwance nawa sai in zan shiga bayan gida.

To in tsawa ta faɗa wa jirgi fa?

Tana faɗa musu, kusan duk jirgin fasinja yakan gamu da ita wajen sau ɗaya a shekara. Wutar tana bin fatar jirgin ta waje, ta shiga ta hanci ko bakin fiffike ta fice ta wutsiya, kai dai haske za ka gani da ƙara. In an sauka injiniyoyi su duba shi.

Me ya sa matuƙi ba zai hau saman hadarin ya wuce ba?

Ba ko yaushe zai iya ba. Jiragen fasinja suna tafiya a wajen ƙafa 35,000, shi kuwa hadarin ƙasashenmu masu zafi yakan yi tsiri har ya kai ƙafa 50,000. Kewaye shi ake yi. A hancin jirgi akwai rada mai hango ruwan da ke cikin gajimare, tana nuna wa matuƙi kore da rawaya da ja, inda ya yi ja ba a shiga, sai ya nemi izini wurin masu kula da zirga-zirgar jirage ya karkata. In dole sai an ratsa gefensa sai a rage gudu. Shi ya sa tafiyar awa ɗaya da rabi takan koma awa biyu da damina.

Amma ai mun san jiragen da hadari ya kayar?

Gaskiya ne, kuma nan nake so a tsaya a fahimta. Wurin da ya fi hatsari shi ne kusa da ƙasa, lokacin tashi da sauka. Hadari yakan sako iska ta gangaro da ƙarfi ta bugi ƙasa ta watsu, jirgi ya fara samunta ta gaba, nan take ta juya ta koma ta bayansa, sai ƙarfin da ke ɗaga shi ya ragu alhali ba shi da tazarar da zai farfaɗo. Mu 'yan Arewa ba za mu manta 29 ga Oktoba 2006 ba, ranar da jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja cikin mummunan yanayi, mutum 96 suka rasu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Kafin nan a Disamba 2005 na kamfanin Sosoliso ya faɗi wajen sauka a Fatakwal ana ruwa da iska, da yawan mamatan yara ne 'yan makaranta masu komawa gida hutu.

Wallahi shi ya sa raina yake ɓaci in na ga mutane a filin jirgi suna zazzaga wa ma'aikata masifa don an ce a jira hadari ya wuce. Haka in jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai ka ji ya sake yin sama, ko a ce an karkata daga Kano zuwa Abuja, matuƙin ya ga abin da bai gamsu da shi ba ne, kuma abin da aka koya masa kenan.

Ni matsoraci ne, me zan yi?

Ka nemi jirgin safe in da hali, hadarin damina ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare bayan rana ta gasa ƙasa. Ka zaɓi kujera daidai fiffike, can baya wajen wutsiya an fi jin rawar. Bel ɗin kuma a kan ƙugu ake ɗaura shi a ja ya kama, ba a bar shi sakwa-sakwa a kan tumbi ba. Mai goyo ta karɓi ƙaramin bel na jariri wurin ma'aikata in suna bayarwa, kada ta dogara da hannunta. In an fara jijjiga kada ka tashi duba jaka, abu mai zafi kuma ka miƙa wa ma'aikata tun da wuri. Ka yi addu'arka ta matafiyi. In ka ga ma'aikatan sun bar rabon abinci sun zauna sun ɗaura nasu bel ɗin, umarnin kyaftin suke bi. Mu dai a ranar minti goma da wani abu aka yi jirgi ya daidaita, Hajiya ba ta saki hannuna ba sai da fitilun Kano suka bayyana ta taga.