Yagewar Tsokar Bayan Cinya ga Matasan 'Yan Wasa

Tsokar bayan cinya tsokoki uku ne da suka taso daga ƙashin mazauni, wato ƙashin da ke taɓa kujera idan an zauna, suka sauka zuwa ƙasan gwiwa. Su ne ke lanƙwasa gwiwa, kuma su ne ke tura cinya baya. Yagewarsu na daga cikin raunukan da suka fi addabar 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan tsere. Binciken hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, kan manyan ƙungiyoyin nahiyar ya nuna kason wannan rauni a cikin dukkan raunukan 'yan wasa ya tashi daga kashi 12 cikin ɗari a kakar 2001/02 zuwa kashi 24 a kakar 2021/22.

Galibi tsokar na yagewa ne lokacin gudu mai tsanani, a daidai sa'ar da ƙafa ta miƙe gaba tana shirin taka ƙasa. A nan tsokar tana miƙewa, tana kuma taka wa ƙafa birki a lokaci guda. Ta gefen waje, mai suna biceps femoris, ita ta fi shan wannan wahala. Ɗan wasa zai ji kamar an tsinka masa wani abu, ya dafe bayan cinya, ya tsaya cak. Akwai kuma yagewar da ke zuwa daga ɗaga ƙafa sama sosai ko buɗe ƙafafu, wadda ta fi jinkirin warkewa.

Matashi yana da wata matsala da babba ba shi da ita. Yayin da yake tsawo, ƙashi kan riga tsoka girma, sai tsokar ta ɗaure. Sannan bakin ƙashin mazauni bai gama ƙwari ba, har jijiya kan fizge ɓallin ƙashi maimakon tsokar ta yage. Don haka yaron da ya kasa zama saboda zafi a ƙasan mazauni, hoton ƙashi yake buƙata, ba tausa ba. Idan ɓallin ya matsa da kimanin santimita 2, likita kan duba yiwuwar tiyata.

Rigakafin da ya fi samun shaida shi ne atisayen Nodik. Ɗan wasa ya durƙusa a kan abu mai laushi, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa karkata gaba a hankali, jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa, yana jan lokaci har ya kasa, sannan ya tare ƙasa da tafin hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne lanƙwasa ƙugu, wanda ke sauke wa tsokar nauyin da ake so ta ɗauka. Ana farawa da sau 5 zagaye 2 a makon farko, a ƙara sannu a hankali har zuwa zagaye 3, na farko sau 12, na biyu sau 10, na uku sau 8, sau uku a mako. Bayan mako 10, sau ɗaya a mako ya wadatar. Nazarce-nazarce sun nuna yana rage raunin da kusan rabi. Yana cikin shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, mai minti 20, wanda aka tsara wa 'yan shekara 14 zuwa sama. Gudu mai sauri ma kariya ne idan ana yin sa a kai a kai. Haɗarin yana ga wanda ya dawo daga hutu ya faɗa masa kai tsaye.

Idan raunin ya auku, a daina wasa nan take. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa 2 ko 3, a ɗaure da bandeji ba tamau ba. Gasawa da ruwan zafi da murza wurin da ƙarfi, waɗanda aka saba da su a gidaje, suna ƙara zubar jini a cikin tsoka a kwana biyu ko ukun farko.

Ƙaramar yagewa kan warke cikin mako 1 zuwa 3, matsakaiciya mako 4 zuwa 8, tsinkewa gaba ɗaya kuwa wata uku ko fiye. Ɗaukewar zafi ba warkewa ba ne, kuma wanda ya taɓa yagewa shi ya fi kowa haɗarin sakewa, musamman a makonnin farko bayan dawowa. Kafin koci ya mayar da yaro fili, sai ƙarfin ƙafar ya kusa daidaita da na ɗayar, dannawa ba ta yi masa zafi, kuma ya iya gudu iya ƙarfinsa a atisaye ba tare da ɗingishi ba.