Waiwaye: Yadda muka ba na'ura amanar magana

Tsofaffin alhazan Maraɗi ba sa miƙa wa yaro jakar kuɗi ranar da ya zo. Sai an aike shi Jibiya da ƙaramin saƙo ya dawo da canji daidai, sannan Katsina, kafin a kai ga Kano. Ko a nan ma akwai wanda ya tsaya masa, wanda za a nema in kaya sun salwanta. Manhajojin hira irin su ChatGPT kuwa sun shigo wayoyinmu ba wanda ya tsaya musu, Jibiyar ma ba a aike su ba.

Saurin sakin jiki da na'ura mai magana ya girmi salula. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya haɗa wata manhaja mai suna ELIZA, wadda ba ta fahimtar komai, maganar mutum kawai take juyawa ta mayar masa da ita tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda a gabanta aka yi aikin, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta gana da ita.

Matuƙa ma sun ɗanɗana. A 1995 jirgin ruwan Royal Majesty ya kafe a tudun rairayi kusa da tsibirin Nantucket, bayan wayar eriyar GPS ɗinsa, wato na'urar da ke nuna masa inda yake, ta cire. Ya kauce hanya da mil 17, ma'aikatan na ta kallon allo, saboda allon bai saba ba su kunya ba. Ashe daɗewar na'ura tana faɗin daidai shi ke sa mutum ya daina leƙa taga.

ChatGPT ta fito ranar 30 ga Nuwamba 2022. Cikin 2023 wani lauya a Niyok ya kai wa kotu shari'o'i shida da ta ba shi a matsayin hujja, babu ko ɗaya da aka taɓa yi. Da ya yi shakka, ita ɗin ya sake tambaya ko gaskiya ne, ta ce ƙwarai. Wannan ai tambayar dillali ne ko akuyarsa na da lafiya. Alƙali ya ci shi da abokan aikinsa tarar dala 5,000.

Irin wannan manhaja kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take hasashe, shi ya sa muryarta ɗaya ce ko ta dace ko ta yi ɓatan kai: ba in'ina, ba sosa ƙeya. Wani bincike na Microsoft da jami'ar Carnegie Mellon a 2025, kan ma'aikata 319, ya nuna wanda ya fi yarda da ita ya fi sakaci da tantancewa, wanda ya yarda da iliminsa kuwa ya fi bin diddigi.

Haka abin yake a nan. Faɗa wa mai sayar da hatsi a babbar kasuwa kuɗin tiyar wake ba daidai ba, ka sha dariya. Amma ɗalibin da faransanci ke ba wuya, in ya ga jimloli sumul, sai ya ɗauka ilimi ne ya kwafe har da sunayen littattafan da babu su. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu neman hadisi ko fatawa a wurinta, a garin da ko almajiri ya san tambayar farko ita ce daga wa ka ji. Akwai kuma dattawan da suka ce aikin aljanu ne. Su ma ba gwadawa suka yi ba.

A 2021 masu bincike a Harvard sun gwada wata dabara: mutum ya yanke nasa hukuncin tukuna kafin ya ga amsar na'ura. Bin ta ido rufe ya ragu. Sai dai da aka tambayi mutanen, tsarin da ya sa su tunanin shi ne suka fi ƙi.