Me ake nufi da "sojojin jiki" a takardar gwajin jini?

Tun zamanin korona kalmar "sojojin jiki" ta shiga bakin kowa, daga masu shirin lafiya a rediyo har masu tallar maganin ƙarfafa garkuwa. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne lissafin da ake yi da ita: wai in sun yi yawa mutum na da ƙarfi, in sun ragu sai addu'a. Ga mai ciwon huhu na bairas, wannan lissafin ɓata ne.

Fararen ƙwayoyin jini ake nufi da "sojojin jiki". A jikin baligi sukan kai 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita ta jini (kashi ɗaya cikin miliyan na lita). Amma jimilla ce kawai, domin ba iri ɗaya ba ne. Nutrofil su ne mafi yawa, su ke rugawa in bakteriya ta shigo. Limfosayit kuwa, kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, su ke gano ƙwayar da bairas ya shiga su kashe ta, su ne kuma tushen garkuwar da jiki ke tunawa da ita.

To a nan gizo ke saƙar. Mai ciwon huhu na bairas na iya kwanciya yana haki, jimillar ta fito 7,000, dangi su yi hamdala. Alhali a ciki limfosayit sun faɗi ƙasa da 1,000, nutrofil sun hau sun rufe giɓin. A binciken da aka yi kan majinyatan korona 1,099 a Sin a farkon 2020, sama da kashi 80 cikin ɗari sun iso asibiti da ƙarancin limfosayit, kuma raguwar ta fi tsanani ga waɗanda ciwon ya fi kayarwa. An ga irin haka ga masu murar tsuntsaye ta H5N1. Shi ya sa likita ke lissafa sau nawa adadin nutrofil ya ninka na limfosayit. In sakamakon na ta hauhawa kwana bayan kwana, hankalinsa ya tashi. Dalilin raguwar kuwa, wasu limfosayit ɗin sun koma huhu inda ake gumurzu, wasu kumburin jiki ne ya hallaka su.

Yawan ma ba abin murna ba ne. Jimilla ta yi tsalle bayan kwanaki, ana iya zargin bakteriya ta hau kan bairas. Ko kuma magani ne: dexamethasone da ake bai wa masu tsananin korona na ɗaga nutrofil, ya sauke limfosayit.

Ni dai ina ganin an ɗora wa wannan lamba ta fararen ƙwayoyin jini nauyin da ya fi ƙarfinta. Alama ce mai arha da amfani, amma Hukumar Lafiya ta Duniya da numfashi ta auna tsananin korona ga baligi: iskar oksijin a jini ƙasa da kashi 90, ko numfashi fiye da 30 a minti.