Heart of Darkness da saɓanin masu karatu a kansa

Heart of Darkness gajeren littafin labari ne na Turanci da Joseph Conrad ya rubuta, ya fara fitowa kashi uku a mujallar Blackwood's a 1899, sai a 1902 aka buga shi cikin littafi. Shi Conrad ɗin asalinsa ɗan Polan ne, sai da ya girma ya koyi Turanci, ya yi aikin jirgin ruwa, kuma a 1890 ya je Kwango da ƙafarsa, lokacin da Sarki Leopold na biyu na Beljiyam ya mai da ƙasar tamkar gonar gadonsa.

A labarin, wani matuƙin jirgi Marlow ne ke ba abokansa labarin yadda ya bi wani kogi a Afirka ya nausa daji neman Kurtz, wakilin kamfani mai tara hauren giwa, wanda ya zo da sunan wayar da kan mutane amma ya ƙare da kafa kawunansu a kan sanduna a kusa da gidansa.

An daɗe ana koyar da shi a jami'o'in Ingila da Amurka a matsayin littafin da ya tona asirin mulkin mallaka, kuma gaskiya akwai hakan a ciki, don ya nuna mutane ɗaure da sarƙa a wuya, wasu kwance a inuwar bishiya yunwa da wahalar aiki na kashe su.

Sai a 1975 Chinua Achebe ya yi lacca a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya fito fili ya ce Conrad mai wariyar launin fata ne. Hujjarsa ita ce baƙaƙen da ke littafin babu mai suna, da ƙyar suke magana, sai ihu da rawa a bakin kogi, wato an ɗauki nahiya guda an mai da ita dandalin da wani Bature zai haukace a kai. Wannan magana ta ta da ƙura sosai. Masu kare Conrad, irin su masanin adabi Cedric Watts a 1983, suka ce ai Marlow ne ke magana ba marubucin ba, kuma a zamanin da ake yi wa daular Turawa kirari shi ya nuna ƙazantarta. Wani masanin adabin kuma, Edward Said, a 1993 ya ce Conrad ya ga zaluncin sarai, amma ya kasa hango cewa mutanen nan za su iya mulkin kansu.

Wanda ya karanta shi daga Afirka da wuya ya ce Achebe bai da gaskiya, domin tausayi daban, ɗaukar mutum a matsayin ɗan'uwanka daban, kuma ko baƙin mutumin da ke riƙe wa Marlow sitiyarin jirgi, da aka soke da mashi ya mutu a gaban Marlow, wanda Marlow ya ce ya yi kewarsa, har littafin ya ƙare ba a faɗi sunansa ba.