Baƙin mai ba na kwata ba ne

'Yan uwana mazauna Legas, musamman masu Keke Napep, masu babur, direbobin tirela da ke sauke kaya a Mile 12, da ku masu janareta a ƙofar shago, da ku nake. Aikina faɗakar da masu kiwon kifi da kawa (halittar ruwa mai ɓawo biyu) da jatan lande a bakin lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, daga Ikorodu zuwa Epe, kuma abin da nake ta cin karo da shi ya ishe ni.

A ɗago igiyar kawa daga ruwa, ka ga ɓawon yana maiƙo, wasu sun wangale baki sun mutu, warin mai na tashi. Mai kiwon ya yi wata da watanni yana jira, ga shi ba abin kaiwa kasuwa. Sai in shigo gari in tarar da ɗan uwana ya kwance kusar inji, ya tara baƙin mai a roba, ya tuttule shi a kwata, ya karkaɗe hannu. Haba Malam! Ina kake zaton zai tafi? Kwatar Agege, ta Idi-Araba, ta Mile 12, duk inda suka zaga, a lagun suke ƙarewa. Masana sun ce lita 1 ta baƙin mai na iya ɓata lita miliyan 1 ta ruwa.

Kifi in ya ji ruwa ya ɓaci yana iya matsawa gaba. Kawa ba ta da ƙafa. A manne take wuri guda, dare da rana tana tace ruwa don ta samu abinci, duk dafin da ya shigo a namanta yake taruwa. Daga nan sai tukunyar wani bawan Allah.

Kuma fa halittun nan da ma a wahale suke. Teku na shanye kusan kashi 1 cikin 4 na iskar kabon da mutane ke fitarwa, ruwan yana ƙara tsami, ƙananan kawa na shan wuya kafin su yi ɓawo mai ƙwari. Ga zafi na ƙaruwa. Ga mamakon damina, ga ruwan da ake sakowa daga madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun, gishirin lagun ya ragu farat ɗaya. Wannan ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfinka. Amma ka zo ka ƙara musu da baƙin mai, ai kamar majinyaci ne ka ɗora wa buhun masara.

Na san abin da za a ce: “Oga, kamfanoni da jiragen ruwa fa?” Gaskiya ne, su ma suna zubar da nasu, kuma sa musu ido aikin LASEPA ne, hukumar kare muhalli ta jihar Legas. To amma robar da ke hannunka ba kamfani ne ya riƙe ta ba. Wani kuma ya ce ai yana kashe sauro da shi. Ruwan sama ɗaya zai wanke man ya tafi da shi, sauron ya dawo.

Ban ce kuna yi da mugunta ba, wallahi na san neman halal ya rabo kowa da gida. Matar da ke ɓare kawa a bakin ruwa ita ma shi ta fito nema, 'ya'yanta na jiran ta.

Abin yi ba wuya. A tara man a jarka mai murfi, akwai masu saye. Kada a wanke inji a bakin kwata. Wanda ya zube a ƙasa a barbaɗa masa yashi ko dusar katako a kwashe. Ruwan batir kada ya shiga magudana. Leda da robar abinci a ba motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, ita farar robar nan mai kumfa ma gwamnatin jiha ta hana ta tun Janairun 2024. Ku kuma masu kiwo, in an yi ruwa mai ƙarfi ku dakata da ɗiban kawa na wasu kwanaki, ku bar saran itatuwan gaɓar ruwa don ƙyafe kifi, a saiwarsu kawa ke kamawa.

Shugabannin tasha da masu gareji, don girman Allah ku ajiye durom ɗaya na tara baƙin mai a wannan makon, ku sa yaro ɗaya ya riƙa kula da shi.